Ruwan da Malam Lazarus Ya Bari a Daji

Malam Lazarus Dogara ya zo ƙasar Birnin Gwari yana da shekara ashirin da shida, daga wajejen Kafanchan, da akwatin ƙarfe guda da takardar kama aiki. An turo shi koyarwa ne a firamaren Tudun Maje, wani ƙauye da ke can bayan Kuyello, daidai inda gonaki ke ƙarewa daji ya ɗauka. Da niyyar shekara biyu ya zo, sai ga shi ya yi talatin da biyar. A nan ya auri Sarah, a nan aka haifi 'ya'yansu, har Hausarsa ta koma ta garin. Kowa Ticha yake ce masa, har limamin masallacin Juma'a, wanda shi ma ya taɓa zama a ajinsa.

Dogo ne mai magana a hankali, kuma an san shi da hali guda: ba ya sayen abu ranar da ya fara ganinsa. Ko takalmi ne sai ya taya a rumfa uku, ya koma gida, ya dawo wata kasuwar. Mutane na yi masa dariya, amma ba a taɓa jin an cuce shi a ciniki ba.

Yana da fili a fadamar bayan gari, ƙarƙashin wasu manyan itatuwan maje. Ƙasar tana da kyau, matsalarta ruwa. Rafin da ke ratsa wurin kan ƙafe tun watan Fabrairu, tumatir na tsakiyar fure ya bushe a tsaye. Shekarar da ya yi ritaya, ya shiga Birnin Gwari karɓar takardun kuɗin sallamarsa, sai ya ga taro a ƙofar shagon wani mai kayan wuta da ake kira Abdulbaƙi. Ya leƙa. Ruwa ne ke ɓulɓulowa daga mesa yana zuba cikin duro, babu fetur, babu hayaƙi, babu ƙarar inji. Wasu baƙaƙen faranti ne kawai aka jingine suna kallon rana.

"Sola kenan, Baba," in ji Abdulbaƙi. "Rana ta fito ya tashi, rana ta faɗi ya kwanta. Ba ya cin komai."

Malam Lazarus ya tambayi kuɗin, aka faɗa masa. Ya ce a fadamarsa ruwa na can ƙasa, bayan dutse.

"To sai an haƙa burtsatse. Ita kuma kuɗinta daban. Amma in gaya maka gaskiya, faranti ana iya kwancewa a sayar. Rijiya kuwa in ka haƙa, ka haƙa. Inda ka sa ta nan za ta zauna."

Da ya haɗa komai a ransa, ya ga sai ya zuba kuɗin sallamarsa kaf, ya haɗa da shanun huɗarsa guda biyu. Ya yi godiya ya tafi.

Maƙwabcinsa a fadamar, Isah mai faci, bai tsaya dogon tunani ba. Ya sayar da gonar gadonsa ya kafa nasa a ranin nan. Shekara biyu gari na zuwa kallo. A ta uku sai aka shigo da wani sabon samfuri, kuɗinsa bai fi rabin abin da Isah ya biya ba, ruwansa kuma ya fi yawa. Irin na Isah aka daina kawo shi. Da ɗan akwatin da ke daidaita masa wuta ya ƙone, aka nema har Kaduna da Kano ba a samu ba. Matan gidansa suka koma shanya kuɓewa a kan farantan. Kullum Malam Lazarus zai wuce ta wurin da safe, ya dube su, ya ƙara riƙe kuɗinsa.

Duk ƙarshen damina sai ya hau mota ya je wurin Abdulbaƙi jin farashi. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne rashin tsari. Da a ce kowace shekara kuɗin na sauka daidai gwargwado, da ya san yadda zai auna, don lissafi ya koyar. Amma wata shekara farashin ya tsaya cak. Ta gaba ya hau, saboda naira ta faɗi. Sannan kwatsam, ba sanarwa, a sauke sabbin faranti masu ƙarfin biyu a kuɗin guda.

"Baɗi fa?" Malam Lazarus kan tambaya.

"Wallahi Baba ni ma ban sani ba. Masu ƙera abin nan suna can wata uwa duniya, ba sa shawara da ni. Gobe ma za su iya fito da wanda zai mayar da wannan tarkace. Za su kuma iya yin shekara biyar shiru."

Sarah ba ta son wannan tafiya ta shekara-shekara. Wata rana yana cire takalmi a ƙofar ɗaki ta ce, "Baban Anita, kai abin da za a rage maka kawai kake gani. Ranin bara fa? Na bana fa? Tumatir ɗin da bai fito ba, wa zai mayar maka da shi?"

"Kin ga abin da ya sami Isah."

"Na gani. Amma Isah ya sha ruwansa shekara biyu. Kai me ka sha?"

Ya san tana da gaskiya, ya kuma san shi ma yana da ita.

Cikin shekarun nan da yake jira ne daji ya fara sauyawa. Da farko masu ɗiban zuma suka daina shiga ciki. Daga baya mata suka daina zuwa tsintar kaɗanya, aka bar ta tana ruɓewa a gindin bishiya. Da rana tsaka, lokacin da ko tsuntsu ba ya kuka, sai a ji gurnanin babura can cikin itatuwa, da yawa, suna tafiya tare, amma ba a ganin kowa, ba a kuma ganin ƙura. Ana cikin hira sai kowa ya yi shiru har sautin ya ɓace, sannan a ci gaba daga inda aka tsaya, ba wanda zai ce ya ji komai. An daina kiran sunan mutanen. "Na ciki" kawai ake cewa.

Akwai wani Bafulatani, Bappa, da ya yi shekara ashirin yana sauka da shanunsa a gonar Malam Lazarus bayan girbi, su ci kara su bar masa taki. Wata shekara ya zo shi kaɗai, ba saniya ko ɗaya, ya tsugunna a inuwa ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa.

"Ticha, sallama na zo yi maka. Mun tashi, kudu za mu yi."

"Lafiya, Bappa?"

Bappa ya dubi bakin daji ya ce, "Wurin nan ya sauya masu shi. In kana da abin da za ka iya ɗauka a ka, shi ne naka."

Malam Lazarus ya ji maganar, amma ya ɗauke ta a ta makiyayi. Shi ya binne mahaifiyarsa a ƙasar nan. Gani yake abin zai wuce kamar yadda wasu fitintinu suka wuce.

Shekara ta shida da fara jiransa, ana tsakiyar sussukar dawa, Abdulbaƙi ya kira shi a waya da kansa. An kawo wasu kaya, farashin ya faɗi faɗuwar da bai taɓa gani ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da Isah ya biya. Malam Lazarus ya tsaya da wayar a hannu. Ya dubi Sarah, ya ga furfura ta cika mata kai. A karo na farko a rayuwarsa ya ce "Na saya" ba tare da ya kwana a kan magana ba. Kasuwar da ta biyo baya ya kai shanun huɗa, don kuɗin haƙa rijiya bai sauka ba.

Masu haƙa sun zo da motarsu su biyar, suna aiki kamar ana korar su. A rana ta biyu, wajen azahar, babbansu ya kashe inji ba gaira ba dalili. Malam Lazarus ya bi inda yake kallo. Mutum biyu ne a kan babur guda, a bakin itatuwa, fuskokinsu a naɗe. Ba su matso ba, ba su ɗaga hannu ba. Suna nan zaune kusan awa guda, sannan suka juya. A rana ta uku ruwa ya fashe, fari tas, ya jiƙa kowa. Sarah ta yi guɗa, ta dafa shinkafa da kaza, amma masu haƙa suka tattara ƙarafansu suka tafi ba su ci ba.

Kwana arba'in da uku ya yi da famfonsa. Kullum kafin rana ta hau sai ya je ya tsaya gindin tanki. Da zarar hasken ya sauka kan faranti sai ya ji wani ɗan zuuu daga ƙarƙashin ƙasa, sannan ruwa ya fara zuba cikin tanki a sama, ba wanda ya taɓa komai. Har ranar ƙarshe bai saba da hakan ba. Tumatir ya yi fure, albasa ta yi kore shar, matan gari suka huta da zuwa rafi.

Ranar wata Talata da hantsi, wani ya shigo gari a guje daga ƙauyen da ke gaba da su, ƙafa ba takalmi. Abin da ya faɗa bai wuce kalma goma ba. Kafin rana ta take, Tudun Maje ta zama jerin mutane a kan hanya, da tabarmi da tukwane a ka. Malam Lazarus ya juya zai nufi fadama, ko faranti biyu ya kwanto. Sarah ta riƙe masa riga da hannu biyu.

"In ka je, ni ma zan bi ka. Zaɓi."

Ya haƙura. Hanyar ta bi ta saman fadamar, kuma yana wucewa ya ji tanki ya cika yana malala ƙasa. Sai a lokacin ya tuna bai kashe ba.

Shekara huɗu suka yi a ɗakin haya a Birnin Gwari, bayan tasha. Ya sami 'yar koyarwa a wata makarantar kuɗi, Sarah na sayar da kunu. Ya daina bin layin Abdulbaƙi. Amma gari ƙarami ne, wata rana sai da suka yi kiciɓis, mutumin ya ja shi shago don su gaisa. A nan ya ga sabon abin da ake yayi: famfo ɗan ƙarami da za a iya rungumar sa, da faranti masu naɗewa, a ɗaure duka a bayan babur a kai bakin kowane ruwa, da yamma a dawo da shi gida. Kuɗinsa bai kai na bijimi guda ba.

Malam Lazarus ya shafa shi, sai ya fashe da dariya. Ya yi ta dariya har Abdulbaƙi ya tsorata ya miƙo masa kujera. Da ya ba Isah labari, wanda shi ma yanzu faci yake yi a bakin tasha, Isah ya matsa masa wuri a benci ya ce, "Ni na yi sauri, kai ka yi jinkiri. Zauna, Ticha, bencin ya ishe mu."

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, duk safiya in rana ta kai wani wuri a jikin bangon maƙwabta, sai ya ji zuuu ɗin nan a kunnensa, ya ajiye abin da ke hannunsa har ya wuce.

Da aka yi sulhu hanya ta buɗe, mutane suka fara leƙa ƙauyukansu. Cikin watan Maris, ya sa Isah ya ɗauke shi a babur, ya saka sifana biyu a aljihu. Niyyarsa, in faranti na nan, ya kwanto su ya sayar ko da a kuɗin banza ne.

Sun isa rana na tsaka. An kwashe kwanon rufin gidaje, ciyawa ta tsiro ta bushe a cikin azuzuwan da ya koyar, coci ba ƙofa, masallaci ba ƙofa. Ko ƙadangare ba su gani ba. Isah ya kashe babur, shirun ya danne su. A cikin shirun ne Malam Lazarus ya ji ƙarar zubar ruwa.

Suka gangara a ƙafa. Ko'ina ƙasa ta ƙone da rani, amma fadamarsa kore ce. Tanki na malala. Faranti na nan duka shida, kuma ba ƙura a kansu ko kaɗan, an goge su a safiyar nan, ga ma tsumman an rataye a jikin ƙarfe bai gama bushewa ba. Inda tanki ya tsage an ɗaure shi da roba. An ja kunyoyi an shuka albasa da yakuwa, amma ba yadda yake jan nasa ba. Hanyoyin ƙafa guda huɗu, waɗanda babu su a da, sun fito daga cikin daji sun haɗu a bakin famfo, sun sha taku har sun yi santsi, da sawun shanu da na tayar babur. A gindin babban majen kuwa akwai kaburbura bakwai a jere, uku daga ciki ƙanana. Ba na mutanen Tudun Maje ba ne, don su maƙabartarsu na gabas da gari.

"Ticha," Isah ya ce da raɗa, "mu tafi."

"Bari in kwance ko biyu."

Ya ɗora sifana a kan ƙusa ta farko. Bai kai ga murɗawa ba ya ga Isah ya ƙame. Wata tsohuwa ce ta fito daga ɗaya daga cikin hanyoyin, siririya, da jarka a kowane hannu. Ba ta yi mamakin ganin su ba. Ta wuce ta tsakaninsu, ta tara jarka, ta tsaya tana jiran ta cika. Sai da ta cika duka biyun sannan ta dube shi. Bai taɓa ganin fuskarta ba.

"Sannu, mai ruwa," ta ce, da Hausar da ba ta gama zama a bakinta ba. "Ka tsufa."

Ta dubi sifanar da ke hannunsa, ta dubi bakin daji, ta girgiza kai sau ɗaya a hankali, irin yadda ake hana mutum taka abin da bai gani ba. Sannan ta ɗauki jarkokinta ta koma ta inda ta fito. Malam Lazarus ya mayar da sifana aljihu. Har suka hau babur bai waiwaya ba, amma yana jin idanu a ƙeyarsa, ba na mutum ɗaya ba.

A gida ya gaya wa Sarah faranti sun lalace. Ta dube shi, ta ci gaba da aikinta.

Bayan wata takwas, wata Litinin da rana, Sarah na wanki a tsakar gida shi kuma yana gyaran takardun jarrabawa, aka yi sallama. Ya fita ya tarar da wani mutum matsakaici, da rigar sanyi duk da zafin da ake yi, riƙe da ƙunshi a tsohon zane. Mutumin ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya ajiye ƙunshin a bakin ƙofa.

"Ruwa ya tsaya tun Juma'a," ya ce. "Yara na shan na kududdufi."

Malam Lazarus ya kwance zanen. Akwatin daidaita wutar famfonsa ne, yana warin ƙuna. Da ya ɗago zai tambayi wa ya nuna masa gidan, mutumin ya riga ya kai kwanar layi, yana tafiya ba sauri.

Kwana biyu ƙunshin na ƙarƙashin gado. Sarah ta ce a kai wa hukuma. Ya ce a ce musu me? Ta ce to a jefar. Ya ce sun san ƙofar. Can kuma ya ce, a hankali, "Kaburbura uku ƙanana ne, Maman Anita." Sai a lokacin ya ba ta labarin abin da ya gani.

Ranar Laraba ya kai wa Abdulbaƙi. Mai shagon ya juya akwatin ya ce an daina yin irinsa, amma akwai wani ɗan ƙarami da zai hau, kuma ba tsada. Ya tambayi wa zai ɗaura. Malam Lazarus ya ce akwai mai ɗaurawa. Abdulbaƙi ya dube shi, ya naɗe kayan ya miƙa masa.

Ba a gaya masa inda zai kai ba, don haka ya naɗe sabon a cikin zanen nan ya ajiye a bakin ƙofa bayan azahar, ya koma ciki ya zauna. Yara na wasa a layi, mai rake na zaune a tsallake. Da la'asar ya leƙa, babu ƙunshin. Ya tambayi mai rake, ya ce shi bai ga kowa ba.

Malam Lazarus bai sake komawa Tudun Maje ba. Yanzu shekararsa saba'in da biyu, ya bar koyarwa, ƙafa ta fara ba shi wahala. Wasu daga cikin mutanen garin sun koma noma da damina suna dawowa, sukan ce masa famfo na aiki, sai ya gyaɗa kai ya sauya magana. Kwanan baya Sarah ta buɗe ƙofa da safe za ta yi shara, ta tarar da kwandon albasa, manya-manya, da danshin ƙasa a jikinsu. Ta shigo da shi ta ajiye a lungun ɗaki. Ba ta yi miya da ko ɗaya ba, ba ta kuma zubar ba. Suna nan a lungun, har sun fara tsiro.